Kunnen Auta na Dama

A shagon wanki da guga na Umma, Auta ce ke zama a kantar da ke gaban shago, tana karɓar kaya tana gaisawa da mutane. Yayarta kuwa, wadda kowa ke ce wa Yaya har da Umman, tana can ciki bayan gilashi, tsakanin injin wanki da teburin guga, inda tururi ke jiƙa mutum sharkaf tun da hantsi.

Ba ita ta zaɓi wurin ba. Tun tana ƙarama jinta yake wasa, yau ya tafi gobe ya ɗan dawo, har ranar da ta faɗo daga lilo a makaranta, daga nan bai sake dawowa ba. Da ta fara zama budurwa kuma maƙoƙo ya fito mata. Umma ta ce muryarta ta cika ƙarfi, masu kawo kaya suna ɗauka faɗa take musu, ga ido yana tsayawa a wuyanta, gara ta koma ciki.

Da Auta ma ta fara yawan cewa a maimaita mata magana, Umma ta kwashe su zuwa asibiti. Aka ɗebi jininsu, aka yi musu hoton kai. Likita ya ce abin gado ne. Umma da marigayi Baba kowannensu na ɗauke da ƙwayar halitta mai tangarɗa, ba ta dame su ba, amma 'ya'yan sun haɗa ta uwa da ta uba, ita ce ke taɓa kunne ta kumbura wuya. Ya ce ana samunta a kowace al'umma, irin tangarɗar ce ke bambanta. Sannan ya fuskanci Yaya don ta karanta bakinsa, ya ce kunnen Auta na dama yana da sauran ji, a kiyaye mata kai, ko ɗan bugu na iya ɗauke shi.

Aka sa wa Auta na'urar ji. Daga ranar Umma ta hana ta hawa tsani, ta hana ta ɗaukar buhu, ko ƙofar kabad aka bari a buɗe sai ta yi faɗa. Duk aikin ya koma kan Yaya, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Akwai wani direban otal da ke kawo zannuwan gado. Shi kaɗai ke shiga har ciki ya ajiye buhu, ya ɗaga mata hannu, har ya koyi yadda take cewa na gode da yatsu. Ran da zai zo, Yaya takan naɗe wuyanta da ɗankwali mai kyau, duk da zafin wurin.

Wata ranar ta ɗago kai daga guga, ta hango su ta gilashi. Auta ta cusa tawul a wuyan rigarta, ta wage baki tana kwaikwayon maganar Yaya. Direban ya dafe kantar shagon yana dariya har da share hawaye. Yaya ta karanta bakin ƙanwarta sarai: cewa take, kullum sai ta yi maka kwalliya fa.

Ta ajiye dutsen guga a tsaye, ta gama ninke zanen da ke gabanta. Ta jira motar ta tafi, Umma ta fita kai kaya, sannan ta yafito Auta. Auta ta shigo tana murmushi, tawul ɗin na hannunta. Yaya ta san wane kunne ne, ta kuma san abin da likita ya ce. Ta ɗauke ta da mari a dama, kan Auta ya bugu da ƙarfen injin.

Auta ta zauna a ƙasa. Ta yi ta murɗa na'urar, ta cire ta mayar, ta tafa hannu kusa da kunnenta. Sai ta ɗago tana kallon Yaya.

"Yaya, injin yana aiki?"

Yana aiki. Yaya tana jin girgizarsa a tafin ƙafarta. Ta gyaɗa kai.

Da Umma ta dawo, Yaya ta ce santsin sabulu ne ya kwashe Auta. Auta tana ganin bakinsu na motsi, ba ta san abin da ake faɗa ba. Daga baya ta gaya wa Umma gaskiya, Umma ta dube su su biyun, ta ce kai ne ya bugu, yarinyar ta ruɗe. Wa zai riƙe mata guga in ta yarda da maganar Auta?

Asibiti suka ba da magani, suka ce a jira, wataƙila ya dawo. Bai dawo ba. Umma ta ɗauki 'yar maƙwabta ta zauna a kantar, aka ƙara wa Auta teburi a ciki.

Yanzu Auta ba ta da mai fassara mata duniya sai Yaya. Ita ke koya mata karanta baki, a hankali, in ta ga dama. Direban ya daina shiga ciki, a bakin ƙofa yake ajiye buhu. Wata safiya ya tsaya yana magana da sabuwar yarinyar, yana leƙen gilashi. Auta ta ja hannun Yaya, muryarta ta fita da ƙarfi ba ta sani ba.

"Me yake cewa? Ni yake tambaya?"

Ita yake tambaya. Cewa yake ko jikinta ya yi sauƙi, a gaishe ta.

"Cewa ya yi matashin kai ɗaya bai fita ba," in ji Yaya. Ta tura mata kwandon. "Sake wankewa."