Bakin Ssebuliba, Muryar Wamala

Duk Kampala ta san fuskar Yokana Ssebuliba, amma in ka cire matarsa da maƙwabtansa na Nateete da mai askinsa, da wuya ka samu wanda zai ce maka ga yadda muryarsa take. Da wannan ciwon ya tsufa.

Laifin janareta ne. Lokacin da aka ɗauki tsohon fim ɗin barkwancin nan, Direban Gawa, inda ya fito a matsayin Kibirige, direban motar gawa mai mugun tsoron matattu, an ɗaure makirufo a jikin sandar tsintsiya, aka kuma ajiye janareta a gindinta. Hoto ya fito tangaran, sauti kuwa sai gurnanin inji. Mai fim ɗin bai tsaya kuka ba, ya kwashi kaset ya kai wa Wamala, mai fassara a wata kibanda da ke Bwaise. Dama a rumfunan kallon nan ba a kallon fim gaya, ko na ƙasar Sin ne ko na bayan gidanku, sai mai fassara ya rage sautin ya hau kai da bakinsa. Wamala bai ji ko kalma ɗaya daga abin da 'yan wasan suka faɗa ba, bai kuma tambaya ba. Ya ga baki yana motsi, ya ɗura masa abin da ya ga dama da wata ƙatuwar murya kamar daga cikin randa. Gari ya ɗauki dariya, har yau bai sauke ba.

Shi kuwa Ssebuliba, mutumin da ya koyi wasan daɓe a gaban malamai, ya san inda ake jan numfashi da inda ake sakinsa, ba ya iya tsallaka titi sai 'yan boda sun ɗaga hannu daga kan baburansu suna ihu: "Kibirige! Fasinjana bai taɓa neman canji ba!" Maganar da bai taɓa faɗa ba ke nan tun da uwarsa ta haife shi. Sai ya kaɗa musu hannu kamar mai korar ƙuda, ya wuce abinsa.

"Jakai," yakan ce wa matarsa Nnalongo in ya dawo gida. "Ka ba su nama, su ce ƙashi suke so."

"Jakan nan dai su ne ke rage mana kuɗin ayabar matoke a kasuwa," in ji ta. "Zauna ka ci abinci."

Ana nan sai ga Mugerwa, ɗan marigayi mai fim, ya dawo daga Turai da gemu mai layi da tabarau marar magani, ya ce zai sake yin Direban Gawa daga farko, sabo fil, kuma a silimar babban kanti za a nuna shi, mai kujerun katifa da sanyin inji. Yaron bai taɓa shiga kibanda ba, in an ambace ta ma sai ya yamutsa hanci. Wannan ya sa Ssebuliba ya ga yana da ɗan hankali.

"Sharaɗina ɗaya ne, ɗana," ya ce masa. "Muryata za a ji. Ba a kawo min wancan aku kusa da fim ɗin nan."

"Haba Mzee, dattijona, wa ke ta mai fassara a wannan zamanin? Makirufo ɗin da na zo da shi ko haɗiyar yawunka zai ɗauka."

Kafin a ɗauki hoto ko ɗaya, masanan rediyo sun riga malam masallaci. Mutanen da ba su taɓa yanka tikiti da kuɗinsu ba suka zauna suna hasashe. Wani ya ce silima za ta cika maƙil har Kirsimeti, wani ya ce ba a ɗumama tuwon barkwanci, na uku ya yarda da su duka biyun don kada a daina gayyatarsa. Masoyan fim ɗin kuma suka rabu gida biyu a wayoyinsu, masu cewa an taɓa musu kayan gado da masu cewa za su kwana a layi, duk suna zagin iyayen juna a kan abin da ba wanda ya gani. Mugerwa yana karanta wannan shirme yana murna, wai alama ce kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Wamala da kansa ya zo wurin ɗaukar fim wata rana da hantsi, tumbi a gaba, zobba a kowane yatsa, yana tafe yana gaisa da mutanen da ba su gaishe shi ba. Ba mutum ne mai kunya ba, kuma bai taɓa yin kamar yana da ita ba.

"Ssalongo!" ya ƙwala, da laƙabin da ake kiran uban tagwaye. "Ashe za a tono gawa ba a gaya wa mai makara ba?"

"Aku ma yana magana," Ssebuliba ya ce ba tare da ya juyo ba, "amma ba a rubuta sunansa a jikin fim."

"Akun nan dai shi ya sa maka kwanon rufi a gidanka."

"Ɓarawon baki kawai."

Wamala ya bushe da dariya har tumbinsa na rawa. "To buɗe bakin su ji ka, tsoho. Wallahi ni ma ina so in san me kake ta faɗa duk shekarun nan."

Da aka gama ɗauka, wata ranar Asabar da azahar aka buɗe fim. Mutanen Bwaise da Katwe da Kalerwe suka hau tudun masu kuɗi, 'yan boda rungume da hulunan kwano, matan kasuwa cikin kayan zuwa coci, kowa ya biya abin da zai ciyar da gidansa kwanaki yana ƙunƙuni. Masu gadi suka ƙwace soyayyiyar fara da gasasshiyar ayabar da aka ɓoyo a jaka, suka nuna musu inda ake sayar da gugguru da tsadar nama. Ssebuliba ya zauna can baya da Nnalongo, cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka. Ya dubi ƙeyoyin da ke gabansa da raini. Amma ra'ayin waɗannan jakan yake jira, kuma ya sani.

Motar gawa ta shigo allo, ƙofa ta buɗe, fuskarsa ta bayyana. Silima ta ɗauki ihu, har da masu hawa kan kujera. Hawaye suka ciko masa.

Sai Kibirige ya buɗe baki.

Murya ce siririya, mai tsabta, kowace kalma a wanke a goge, irin ta malamin coci in yana karanta sanarwa. Ihun ya mutu a hankali. Aka yi tsit, ana jira a gyara.

"Wa ke magana?" wata mata mai ɗaurin kai ja ta tambaya da ƙarfi.

"Shi ne mana."

"Ƙarya ne! Kibirigen da na sani tun ina budurwa? Sun sa masa muryar wani!"

"Mura yake yi," in ji wani daga gefe.

Ssebuliba ya dafe hannun kujera. Ya ce a ransa su dai jira, wurin akwatin gawar da ya fi motar tsawo yana zuwa. Shi ya tsara wannan wurin da kansa, ya gina shi sannu a hankali, da shirun da ya auna kafin maganar ƙarshe ta faɗo. Amma waɗannan mutane ba su san shiru a fim ba. A wurinsu mai fassara ba ya rufe baki, in ba abin faɗa sai ya gaishe da mai nama na bakin layi, ko ya tona asirin wani da ke zaune a benci na gaba. Da shirun Ssebuliba ya zo, sai suka juya baya suna zagin mai inji.

"Kai ɗan iska, sauti ya ɗauke!"

Cikin wannan hayaniya maganar ƙarshe ta faɗo, ba wanda ya tare ta. Nnalongo kaɗai ta yi dariya, da ƙarfi fiye da kima, tana buga cinya, tana satar kallon mijinta. Wannan ya fi komai yi masa zafi.

Daga nan taron ya ɗauki nauyin fim ɗin da kansa. Duk sanda Kibirige ya motsa baki, sai su zubo tsofaffin maganganun Wamala da baki ɗaya, ko sun dace ko ba su dace ba, su yi wa kansu tafi. Da suka gaji suka fara fita ɗai-ɗai, mai ɗaurin kai ja tana tsayawa a ƙofa tana neman a biya ta fararta. Ranar Lahadi kujerun katifa suka sha sanyin inji su kaɗai. Masanan rediyo kuwa duk suka tashi da cewa dama sun faɗa.

Litinin da safe Mugerwa ya zo Nateete, gemun ya fara fita daga layi.

"Mzee, masu silima sun ce za su sauke mu kafin ƙarshen mako. Ina ganin ko mu ɗan yi magana da Wamala."

"Ka ba ni alkawari."

"Na ba ka. Amma alkawarin ma ya zama na banza. Wani ya ɗauke fim ɗin da waya ranar Asabar. Tun jiya Wamala ke nuna shi a Bwaise, yana fassara da bakinsa a gaban mutane. An ce har a kan rufi ake zama." Ya cire tabarau ya goge, ya ƙara da ƙaramar murya, "An ce da daɗi."

Ssebuliba bai ko sa hula ba. Ya tare boda, ya ce Bwaise.

An yi ruwa da asuba, Bwaise ta koma taɓo kamar yadda ta saba. Ya bi ta kan katakon da aka shimfiɗa, takalminsa na zuwa biki yana nutsewa. Tun daga nesa ya jiyo ƙatuwar muryar nan tana fita daga lasifika, dariya tana bin bayanta. Rana tsaka, ranar aiki, amma kibandar ta cika ta batse, warin gumi da na jiƙaƙƙen katako ya tare shi a ƙofa. Ya ture mai karɓar kuɗi, ya ratsa benci, ya tsaya a gaban talabijin ɗin, ya buɗe hannuwa ya kare fuskarsa da ke ciki.

Aka fara zagi, sai wani ya gane shi.

"Kibirige ne! Wallahi shi ne da ransa!"

Rumfar ta kusa tashi sama. Wamala yana zaune a gefe kan kujerarsa, makirufo a hannu, yatsa a kan maɓallin sauti. Ya tsayar da fim ɗin, ya dubi tsohon, idonsa yana ƙyalli.

"Ku kashe wannan abin!" Ssebuliba ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Sata ce! Ɓarayi ne ku duka, kai da su!"

Ko benci na biyu muryar ba ta kai ba. Abin da mutane suka gani shi ne Kibirige yana zare ido, yana nuna su da yatsa, baki yana motsi. Wamala ya kai makirufo bakinsa.

"Wane ne a cikinku ya buɗe min bayan mota?" lasifika ta yi ruri. "Na taho da mutum uku a kwance, na tarar da biyu!"

Dariyar da ta fashe ta doki Ssebuliba a ƙirji. Ya juya ya nuna Wamala, yana kiransa aku, ɓarawo, ɗan tasha.

Wamala ya sake ɗura masa magana ta lasifika: "Kai mai tumbi! Kai na fi zargi! Tashi in auna ka, akwatin nan ba zai koma ba kowa ba!"

Mata suka kwanta a kan juna. Wani tsoho ya faɗo daga benci yana riƙe da ciki. Ssebuliba ya daki ƙasa da ƙafa, taɓo ya fallatsa, aka sake kecewa. Ya tsaya yana haki, yana duban fuskokin nan a jere, baki buɗe, hawaye yana zuba, duk idanun a kansa. Bai taɓa shiga ya ga yadda ake yi masa dariya ba. Girman kai ya hana shi shekara da shekaru, a titi kawai yake tsintar ragowarta. Ashe haka take. Ya tsane su, ya tsani mai tumbin nan, ya kuma ji daɗin da bai taɓa ji ba.

Dariyar ta fara lafawa. Suna jira. Wamala ma yana jira, makirufo a leɓe, ya ɗaga masa gira ɗaya.

Ƙofa tana nan a buɗe, taku kaɗan ne. Ssebuliba ya dube ta. Sannan ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya zare ido kamar wanda ya ga gawa ta tashi zaune, ya buɗe baki ya shiga motsa shi da kyau, yadda na can baya ma za su gani, bai bar ko ɗan sauti ya fita ba.