Rawar Naɗe Zanin Gado

Mu uku ne a ɗakin guga na otal ɗin: ni, da Doguwa, da Anti, wadda ta shekara goma sha tara a wurin. Zanin gadon otal ba ya naɗuwa a hannun mutum ɗaya. Sai biyu sun kama gefe-gefe, su kaɗe shi, su taho su haɗu, su ja da baya. Da yake kullum rediyo a kunne take, ba mu san ranar da aikin ya fara bin kiɗa ba. Anti ta ƙara masa juyi, ni na ƙara tsalle, Doguwa kuma tana ratsawa ta ƙarƙashin zanin kafin ya sauko.

Doguwa ce ta ɗauke mu bidiyo a waya, ta aika wa masu gasar rawa ta talabijin ba da saninmu ba. Ranar da aka kira mu, Anti ta ajiye dutsen guga ta riƙe haɓa.

"Ke yanzu da jikokina huɗu za ki kai ni gaban duniya ina juyi?"

"Haba Anti, ai kullum kina yi."

"A gaban injin wanki nake yi. Injin wanki yana da baki ne?"

Kwana biyu ba ta kula Doguwa ba. A na uku ta zo da sabon takalmi a jaka, ta ce ita fa ba yarda ta yi ba, gwadawa kawai za ta yi.

A gidan talabijin muka tarar da samari da 'yammata cikin kaya masu walƙiya, suna lanƙwasa jiki kamar babu ƙashi. Mu kuwa rigunan aiki ne a jikinmu, sai farin zani ɗaya da manaja ya ara mana. Wata mai yi wa 'yan gasa kwalliya ma ta ɗauka shara muka zo yi.

Da fitilu suka haske mu, ƙafafuna suka ƙi motsi. Kiɗa ya tashi, ina tsaye ƙiƙam. Sai na ji muryar Anti, irin wadda take mana in aiki ya taru: "Ke, kama gefenki, baƙi na jiran ɗaki!"

Na kama. Muka kaɗe zanin, ya tashi sama ya kumbura, Doguwa ta ratsa, Anti ta yi juyi biyu maimakon ɗaya, 'yan kallo suka ɗauki ihu. Kiɗan na tsayawa, ga zani a hannun Anti, a naɗe tsaf.

Ɗaya daga cikin alƙalan ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce shekararsa ashirin da aure, bai taɓa naɗe zani matarsa ta yaba ba. Ya hau dandamali, Anti ta miƙa masa gefe.

"Ɗana, ɗaga hannun dama. Dama na ce!"

Na uku muka zo. Wasu tagwaye ne suka ci, kuma wallahi sun cancanta.

A motar komawa maigidan Anti ya kira ta, muryarsa har kujerar baya. Ya ce maƙwabta sun cika masa falo, kuma ya gaya musu juyin nan na biyu shi ya koya mata.

"Ji ƙarya!" in ji Anti. "Mutumin da ko tafi bai iya ba!"

Muka yi ta dariya har muka wuce inda za mu sauka, sai da ƙafa muka dawo.