Albasar Baba Masinja

A buɗe Auta ta tarar da ƙofar gida. Takalman mahaifinta ba sa nan, shayinsa ya huce a kan tebur. Da wani tsohon ne sai a ce shan iska ya fita. Amma Baba Masinja, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai takardu ofis-ofis, yanzu sunansa ma sai an tuna masa. Kullum da safe yakan sulale ya fita, kafin rana ta take ya dawo da ƙafarsa, da albasa guda a aljihu. Ita kuma ta yi masa faɗan tsince-tsince, ta jefa albasar a shara. Yau ga rana ta karkata, babu Baba babu dalilinsa.

Ko ledar cefanen da ke hannunta ba ta ajiye ba ta kwasa a guje. Ita da 'yan layin nan kuwa sai sannu daga nesa. Tun da aka buɗe babban kanti can ƙetaren titi, mai sanyi da keken turawa, ko ashana ba ta ƙara saye a unguwa ba. Yau dai dole ta sa, ga ta a gaban mai burodi tana haki.

"Malam, don girman Allah ka ga babana?"

"Baba Masinja? Ai tun safe na aike shi wurin tela."

"Ka aike shi? Tsohon da bai san damansa da hagunsa ba? Ba ka da tsoron Allah ne?"

Mai burodi ya karkaɗe garin hannunsa. "Ke 'yar nan, tsaya ki ji. Tsohon nan idan babu aike a hannunsa, miƙewa kawai yake yi, sai inda ƙafa ta tsaya. Shi ya sa muka haɗa baki. Ni in ba shi cokali ya kai wa tela, tela ya ba shi zare ya kai wa mai aski, mai aski ya ba shi mataji ya kai wa Inna mai kayan miya a ƙarshen layi. Ita ce ke juyo da shi. Ta ba shi albasa ta ce ya kai wa 'yarsa, sai ya nufo gida. Ashe ba ki sani ba?"

Ina fa ta sani! Kunya ta kama ta, amma tsoro ya fi kunyar ƙarfi. Ta wuce shagon tela, ya ce ya ba shi zare. Ta faɗa wurin mai aski, ya ce ya ba shi mataji, sai kuma ya daskare da reza a hannu.

"Innalillahi! Ai jiya Inna ta rufe shago gaba ɗaya! Wallahi na sha'afa, hannuna ne kawai ya saba."

Suka ruga tare, tela da mai burodi na biye. Shagon Inna ga shi nan da ƙaton kwaɗo, ɓawon albasa na yawo a bakin ƙofa. Daga nan babu komai sai babban titi, inda manyan motoci ke tsala gudu kamar ana korarsu.

Wani mai facin taya da ke gefe ya taso. "Ya daɗe yana ƙwanƙwasawa. Ya tambaye ni ina take, ni kuma takaici ya sa na ce babban kanti ya haɗiye ta. Magana ce fa kawai irin ta baki! Ina juyawa na neme shi na rasa."

Magana ce a wurin mai faci. A wurin masinja kuwa adireshi ne.

Auta ce ta fara hango shi. Can tsakiyar titi, a kan siririn dakalin da ya raba hannu biyu, iskar tireloli na kaɗa rigarsa. Ya ƙetare rabin titin, yana ta ɗaga ƙafa zai shiga sauran rabin. Ta ƙwala ihu, ƙarar motoci ta cinye shi.

Mai faci ya gangaro da tayoyi kan kwalta. Tela ya warware jan yadin da ke kafaɗarsa yana kaɗawa kamar mahaukaci. Mai aski da mai burodi suka tsaya a gaban wata tirela da hannaye a sama. Birki ya yi ƙara, direbobi suka shiga zagi, Auta ta ratsa ta cafke hannun mahaifinta.

"Baba, zo mu tafi gida. Don Allah, Baba!"

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. "Yarinya, sake ni. Aikena aka yi." Ya ƙanƙame matajin a ƙirji, ya fizge da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba. Ta ja, ya ja. A ɗaya hannun motoci ba su tsaya ba, ƙafarsa kuma tana bakin dakali. Ta roƙa, ta yi kuka, ta ce ita ce Autarsa. Ko gezau.

Sai ledar cefanen ta bugi gwiwarta. Ta yaga ta da haƙori, ta zaro albasa guda.

"Baba, Inna ta bar ni a madadinta. Kawo matajin." Ta nuna masa albasar. "Yauwa, sannu da aiki. Ungo wannan, ka kai wa 'yarka."

Ya saki matajin. Ya karɓi albasar, ya goge ta da hannun riga, ya sa a aljihu, ya juya baya ga babban kanti.

"To, zan kai," in ji shi. "Amma ki gaya wa Inna ta daina wahalar da kanta. 'Yar nan tawa a shara take zubarwa."

Mai burodi ya kama hannunsa suka ƙetara. Auta ta bi su a baya da mataji a hannu, tana kuka.