Me Ya Sa Suke Dariya?

Kafinta mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce shi. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, in ya zauna ya ji kujera tana rawa, to hira ta ƙare, sai ya kifa ta ya duba ƙafafun. Da abin ya tsaya kan katako da sauƙi, amma fim ma bai tsira ba. Kullum da hantsi shi da mai waldan da ke kusa da shagonsa suke zaman yanke wa finafinai hukunci, alhali cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe kyamara. Mai walda dai a ba shi faɗa da tseren motoci. Kafinta kuwa cewa yake yawancin labaran nan ba a haɗa su ba, ƙusa kawai aka bubbuga musu, ka jingina kaɗan su wargaje.

Abin da ya fi tsana shi ne abin da matarsa ta fi so: wani wasan barkwanci da ake nunawa a talabijin kowace Laraba da ƙarfe biyar na yamma, kan wani marowacin mai gidan haya da mutanen da ke haya a gidansa. Shekara shida tana kallo tana dariya har da riƙe ciki, shi kuma yana gefe yana tsaki.

"Dubi ƙofar nan don Allah, kwali ce fa."

"Malam, ka bar ni in ji."

Sai ciwon suga ya taɓa mata ido. Cikin shekara biyu ta koma ba ta ganin komai sai haske da inuwa. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, saboda haka shi ne ya zama idonta: shi ke karanta mata kwalin magani, shi ke gaya mata launin zanen da ta ɗauko, shi ke cewa ga tudu ga kwari. Laraba kuwa tun huɗu da rabi yake rufe shago.

Maganar 'yan wasan tana jinta sarai. Matsalar ita ce rabin barkwancin ba da baki ake yinsa ba. Sai a yi shiru, can sai dariyar nan da ake sakawa ta ɓarke, ita kuma ta juyo da fuskarta wajensa.

"Me ya sa suke dariya?"

Da farko gaskiya yake faɗa mata, ko da yake a yatsine. Ranar da mai gidan hayar ya taka sabulu ya faɗi karo na uku cikin wata guda, Kafinta ya ji kunyar maimaitawa. A ganinsa mace mai hankali kamar wannan, ga lalura, bai kamata a ciyar da ita shirme ba. Sai ya ce mai gidan ya lallaɓa ne yana mayar da ƙwan fitilar da ya cire wa tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe, aka kama shi a kan kujera, ya daburce ya faɗo.

"Allah sarki," in ji ta. "Ashe yana da tausayi."

Daga nan hannu ya faɗa. Mako bayan mako Kafinta yana fere mutumin nan, yana goge shi, har ya fitar da wani dattijo mai ɓoye kirkinsa a bayan rowa. Kuma a faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau, babu inda labarin ke rawa. Ya ba mai walda labari yana alfahari. Mai walda ya ɗage tabaransa na aiki ya dube shi.

"Wannan ai ƙarya ce kake yi mata."

"Gyara ne. Kai me ka sani ban da mota ta kama da wuta?"

Abin da bai lura da shi ba shi ne matar ta daina dariya. Murmushi take yi ta gyaɗa kai, shi kuma ya ɗauka alamar wasan ya yi hankali ke nan.

Wata Laraba ƙanwarta ta kawo ziyara, wasa ya same ta a gidan. Da ma ita da mijin yayarta ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ta zauna tana cewa yau za ta ga yadda babban alƙalin finafinai ke kallo. Aka yi shirun nan, dariya ta ɓarke, matar ta yi tambayarta. Su biyun suka amsa a tare.

"Ya ajiye wa tsohuwa..." in ji Kafinta.

"Wandonsa ya yage, Yaya! Ya sunkuya ɗaukar makulli!"

A hankali matar ta tambayi ƙanwarta zancen ƙwan fitila. Ƙanwar ta ce wane ƙwan fitila, ai wannan mugun ko ruwa ya ga kana sha sai ya ƙirga maƙurwa. Ta dubi mijin yayarta, ta ga ya yi tsuru-tsuru, sai ta tuna wai ta bar aiki a gida.

Bayan ta tafi matar ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi masa ciwo.

"Malam, zanen da ka ce min shuɗi ne jiya, shuɗin ne?"

"Haba, shuɗi ne mana."

"Da ka ce kumburin ƙafata ya sace, ya sacen? Takardar da likita ya rubuta, abin da ka karanta min shi ne a ciki?"

"Wallahi shi ne. Wasan ne kawai, shi ma don ba shi da kan gado ne na gyara miki."

"Wa ya ce maka ya lalace? Shekara shida ina kallonsa da idona, na san shirme ne. Shirmen nake so. Ba ni da wani ido sai kai. Yanzu in ka faɗa min abu, sai na tsaya ina tunanin ko shi ma ka gyara."

Duk makon nan ya ga yadda abin ya canza. In ya ce ga tudu, sai ta tura ƙafa ta taɓa tukuna. Kwalin magani ta sa maƙwabciya ta sake karanta mata, a gabansa. A shago mai walda ya kawo zancen wani sabon fim, Kafinta ya ce bai da ta cewa, abin da ba a taɓa ji daga bakinsa ba.

Laraba ta zagayo. Biyar saura kwata ya shigo ya tarar ta yafa mayafi, za ta gidan maƙwabciya sauraron wasan.

"Ki zauna, don Allah. Yau kaɗai. In na ƙara ko kalma ɗaya, ni zan riƙa kai ki da kaina."

Ta daɗe a tsaye kafin ta zauna a bakin kujera, ba ta cire mayafin ba.

Aka fara. Aka yi shiru, aka yi dariya. Bai jira ta tambaya ba.

"Mai gidan ya leƙa ta taga yana satar jin hirar 'yan haya. Kansa ya maƙale tsakanin ƙarafuna. Yana ja, ya ƙi fita. Ga akuya ta zo ta bayansa." Ya haɗiye yawu, don sharhi ya taso masa har maƙogwaro. "Tana cin gefen rigarsa."

"Akuya?"

"Akuya. Baƙa. Yana harbinta da ƙafa, takalmin ya fita."

Sai ta ƙyalƙyale. Dariya ta gaske, ta dafa gwiwa, mayafin ya zame ya faɗi ba ta ma sani ba. Kafinta ya zuba mata ido. Sai yanzu ya lissafa wata nawa rabonsa da jin wannan sauti a gidan, kuma ya san ba ciwon ne ya ɗauke shi ba, shi ne ya ɗauke da hannunsa.

"Malam? Ka yi shiru. Me kake yi?"

Ya buɗe baki zai ce mura ce ke damunsa. Maganar ta zo har kan harshe, a shirye, sumul.

"Kuka nake," ya ce.

Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"To share idon ka duba min. Kan nasa ya fita?"