Jinin Marka a Cikin Kwalba

Kububuwa ta sari Marka ranar Talata da hantsi, tana ɗibar auduga a gonarsu ta bayan Gozaki. Kwana biyu ba mai bin hanyar Funtua, don an ce 'yan bindiga sun tare ta, a ɗan asibitin ƙauye kuwa babu allurar dafi. Ranar Alhamis dasashinta ya fara zubar da jini.

Mijinta Zakariya ya yi addu'a har muryarsa ta dushe. Fasto ya zo, matan zumuntar coci sun kewaye tabarmar da take kwance sun yi waƙa, jinin bai tsaya ba. Shekara tara suna roƙon haihuwa, sai bana aka samu ciki, wata huɗu ke nan. Abin da ya fi razana shi, duk lokacin da ya rufe ido ya kira sunan Yesu, sai ya ji kamar mai sallama a kangon gida.

Da azahar Labo ya shigo, ƙanen mahaifinsa, wanda bai taɓa barin tsafin kakanni ba. Jan zakara ne a hammatarsa.

"Ɗana, na ga mutanenku sun gama waƙa. Saura namu."

"Baffa, ka san na bar wannan."

"Kai ka bari, su kakanni ba su bar ka ba. Tsafin gidan nan daga uba yake sauka kan babban ɗa. Da hannuna zai yi, da tun shekaranjiya na yanka, ina ruwana da ra'ayinka. Gindin tsamiya taku nawa ne? In ka gama ka je ka ba Fastonka haƙuri, ai na ji an ce naku Ubangijin ba ya riƙo."

Labo ya miƙo masa zakaran da wuƙa, Zakariya ya karɓa. Ya je har gindin tsamiyar, ya taka fikafikan zakaran. Ya tambayi kansa: in ya yanka ta warke, wa zai gode wa har ƙarshen ransa? In ya ƙi ta mutu, wa ya kashe ta? Ya dai ɗaga ƙafarsa, zakaran ya tsere cikin karan dawa.

Labo bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To, ka ɗauki nauyin rai biyu."

Maƙwabcinsu Malam Aƙilu ne ya fito da babur. "In sun tare mu, sun tare mu," in ji shi. Aka sa Marka a tsakiya, aka ɗaure ta da zane a jikin Malam Aƙilu, Zakariya ya riƙe ta ta baya. Duk kututturen da ya hango a bakin hanya sai ya ga mutum da bindiga. Jininta na ɗiga a kan hannunsa, da ɗumi. Ba su gamu da kowa ba.

A Funtua wata nas, Malama Naja'atu, ta ɗebi jinin Marka ta zuba a 'yar kwalba mai tsabta, ta ajiye a kan taga.

"Minti ashirin, Malam, kada ka taɓa. In ya daskare, da sauƙi. In ya gudana, dafin na aiki."

Da lokacin ya cika ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Aka ɗaura mata allurar dafi, aka ce sai a sake gwadawa.

Washegari da safe aka zuba sabon jini. Zakariya ya zauna a ƙasa yana kallon tagar. Ya ce a ransa, Ubangiji, ko ya daskare ko bai daskare ba, ni naka ne. Sai tsoro ya sake kama shi, don bai tabbata da gaske yake ba.

Nas ta karkata kwalbar. Jinin ya tsaya cak.

"Matarka za ta tashi," ta ce, ta yi ƙasa da murya. "Cikin ne ba mu samu ba. Ya zube da asuba."

Ya shiga ɗakin yana jan ƙafa. Marka ta buɗe ido, leɓunanta duk sun tsage.

"Maigida, na ji maganar Baffa jiya. Ka yanka?"

"Ban yanka ba."

Ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya fuska wajen bango. Ya tsaya yana jiran ta gode masa ko ta tsine masa, ba ta yi ko ɗaya ba. Can ta miƙo hannu ta baya, ba ta waiwayo ba.

"Yi mana addu'a. Ni yau ba zan iya ba."

Ya durƙusa a kan siminti, ya kama hannun. Bai san me zai roƙa ba, amma ya fara.