Kogin Tems a Gude

…kuma ko hannu ba ta wanke da kyau ba. Har yanzu akwai ƙarnin amai a tsakanin yatsunta. Ikilima tana zaune a gindin darbejiyar bayan gida, nan kaɗai sabis yake kamawa a duk unguwarsu ta Gude, wayar a hannunta, fuskar Malama Larisa tana ɗaukewa tana dawowa.

"Great Britain is island," in ji tsohuwar, tana biya darasin Turancin da Ikilima ke koya mata.

An island, Malama. An. 'Yar mitsitsiyar kalma, amma kullum sai ta yar da ita a hanya — Rashanci ba shi da ita, daga ina za ta ɗauko? A sake. Yauwa.

Masu tafiya asibitin sun hau kwalta kuwa? Yaya Hambali ya iya babur, amma ruwan da aka tafka da hantsi… kwarin nan in ya ciko sai an sauka an tura. Ga yarinya a hannu. Ga uwarta Uwaliya, ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba…

Ingila, Sikotilan, Wales, Ayalan ta Arewa. Babban birni Landan, a bakin kogin Tems. The Thames — kogi yana ɗaukar the, gari ba ya ɗauka. Don me? Oho. Haka ita ma aka koya mata a sakandaren Kabo, a ajin da rabin rufinsa iska ta yaye.

Wannan matar fa! Ita ce mai buga rula a kan teburi a ɗakin fiɗa na makarantar likitanci, can Kharkiv, ƙasar Yukiren, farar riga, gashi a ɗaure tamau. Ikilima, ƙarshen kalma! Kalma ɗaya wutsiya kala-kala, ga sunayen jijiyoyi, ga sanyi yana cin yatsu. Ta sha kuka a banɗaki saboda matar nan. Saura ƙiris a gama, ƙiris — sai yaƙi, ƙarar bam ta farko da ta girgiza tagogi, sai tashar jirgin ƙasa, mutum a kan mutum… Ita ta dawo Gude da jaka ɗaya. Malama ta faɗa arewacin Ingila, tana gyaran gadaje a gidan tsofaffi, tana neman Turancin da za ta ci jarrabawa da shi.

Likita! Likita! Haka Uwaliya ta faɗo gidan ɗazu, 'yarta Murja a saɓe a kafaɗa, idanu sun kakkafe, ƙafafu suna fizga. Kowa likita yake ce wa Ikilima. Tun ranar da ta sauka. Ta hana, ta gaji.

Mata sun cika tsakar gida. Wannan a kawo cokali a sa a baki, waccan a kawo garwashi a yi hayaƙi. Ita ce ta daka wa Inna Asta tsawa? Inna Asta, yayar babanta, wadda ko gaisuwa sai ta durƙusa? Ku ba ta iska! Kwantar da ita a gefe guda, cire rigar, tsumma da ruwa… jikin kamar tanda. Sai wuyan. Ta sa tafin hannu a ƙeya, ta ɗaga. Ya ƙi lanƙwasuwa. Ko kuwa jijjigar ce ba ta gama sakinta ba? Maleriya ce ta hau kai? Sanƙarau a tsakiyar damina? Ba ta faɗa wa kowa ba. Gwarzo kawai ta ce, asibiti, yanzu-yanzu.

Malama ta shiga babin gwamnati. Majalisa biyu ce, ɗaya ta zaɓaɓɓu, ɗaya ta masu sarauta da waɗanda aka naɗa. Firaminista ke riƙe da aiki. Sarauniya tana — a'a, Malama, littafin nan ya tsufa, sarki ne yanzu. Fi'ilin ma ya rasa s ɗinsa. A sake.

Ki hau mu tafi, in ji Yaya Hambali ɗazu, akwai wuri. Akwai wuri kuwa, ta gani. Me ta ce? Ina da darasi. Darasi! A gaban uwar da 'yarta ke sanƙarewa. To in ta je ta ce ita wace ce? Likitan gaske ya ɗago kai, ke fa? Ɗaliba ce, ranka ya daɗe — ɗalibar ina? Makarantar da ko tagoginta babu…

"Hankalinki ba ya nan," in ji Malama, da Rashanci wannan karon. "Me ya faru?"

Sai bakin ya ɓalle. Rashancin da take zaton ya yi tsatsa, ga shi yana zuba, kowace kalma da wutsiyarta daidai. Tsohuwar ta ture littafin gefe. Zafin jiki? Ƙuraje a fata? Numfashi? Wuya? Muryar nan dai, ta ɗakin fiɗa.

"Wa kika faɗa wa maganar wuyan?"

Ikilima ta kau da kai. Wata akuya tana cin bawon darbejiya.

"To me kike yi a nan?"

Me take yi a nan… Uwaliya za ta ce zazzaɓi ne. Yaya Hambali zai ce jijjiga ce. Za su hau layi kamar kowa, a ce su jira. Wuyan yana nan, a tafin hannunta, ita kaɗai ta sani. Babur ɗin wa zai kai ta? Mijinyawa mai shago ne da babur, kuma yana gona. Kira — ta kira Yaya Hambali kawai mana, tun ɗazu me ya hana ta kira?

Wayar ta yi zuuu. Sunan Yaya Hambali ya sauko a kan goshin Malama Larisa, kore a dama, ja a hagu. Da wuri haka? Ba su isa su kai ba… ko sun kai? Ta miƙe tsaye, ta manta sabis ba ya son a motsa, fuskar tsohuwar ta daskare da baki a buɗe. Ɗazu, da yarinyar ke hannunta, ko ɗar ba ta ji ba. Yanzu yatsan nan guda ɗaya ya ƙi sauka a kan koren.