Farar Shamuwa a Gonar Ishaku

Mu bakwai ne masu kallon tsuntsaye a Talata Mafara, idan an haɗa da Lado mahauci, wanda har yau ban tabbatar ba ko kallo yake yi ko kiyasin nama. Duk ranar Asabar a lokacin ɗari mukan hau babura da sassafe, mu bi bakin kanal zuwa gonakin rani na Bakura, mu tsaya muna leƙen abin da sauran jama'a ke kora. Da can har bakin dam muke zuwa ta ɓangaren Maradun, amma yanzu mutum bakwai da madubin hangen nesa a daji sai sun yi dogon bayani. Sau biyu 'yan sa-kai suna tsare mu, sau biyu muna nuna musu littafi mai hotunan agwagi.

Shugabanmu Baba Sallau ne. Shekara talatin ya yi yana buɗe ƙofofin ruwa yana rufewa, kuma wani Baturen injiniya da ya yi aikin dam ne ya bar masa madubi da littafi tun yana saurayi. Ya san duk baƙin tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai su sauka a fadamunmu, ya san wanda ke riga wani zuwa da wanda ke makara. Bai je Makka ba, gonarsa ba ta taka kara ta karya ba, gidansa na ƙasa ne. Abin da ya mallaka a duniya guda ɗaya ne: ba a taɓa kama idonsa da kuskure ba, kuma ya san da haka.

Ni ne magatakarda. Duk tsuntsun da aka gani ina rubuta shi da rana da wuri da sunan wanda ya fara ganinsa. Ni ne kuma surukin Baba, don ina auren Hauwa'u, 'yarsa ta fari. Shekara goma sha ɗaya ina cire takalmi in tsuguna kafin in gaishe shi, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Malam, da yake ina koyarwa a firamare.

Tun bara idon ya fara. Wata rana ya nuna kututturen giginya ya ce zalɓe ne, muka ce haka ne, Baba. Wata rana ya ƙirga agwagi goma sha biyu a inda akwai huɗu da duwatsu takwas, muka ce Allah Ya ƙara lafiya. Ni kuwa ina rubutawa. Kowa ya gane yanar ido ce ke rufe masa gani, kowa kuma yana jiran wani ya faɗa.

Asabar ta farko a watan Janairu muna kusa da Birnin Tudu sai Baba ya ɗaga hannu. Muka kashe babura. Ya daɗe da madubi a ido, sannan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Hwarar shamuwa."

Shamuwar da kowa ya sani baƙa ce, da damina take zuwa. Farar daga Turai take tahowa lokacin ɗari, doguwa mai jan baki da baƙin gefen fukafuki, kuma rabon Baba da ita shekara ashirin da biyu. Duk muka ɗaga madubai. Can tsakiyar gonar shinkafa akwai farin buhun taki a kan sanda, an ɗaura masa baƙar leda a gindi, an soka wani jan kara a sama, don korar jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan masu cin hatsi. Gaskiya wanda ya haɗa shi ya iya aikinsa.

Baba ya sauke madubi. "Na ɗauka ba ni sake ganin ta sai a Lahira," in ji shi. "Malam, rubuta."

Na rubuta.

"Aika ma mutanen Sakkwato. Yanzu."

Akwai wani zaure a waya inda masu kallon tsuntsaye na jihohinmu ke tura abin da suka gani. Baba yana tsaye a kaina na tura. Kafin mu isa gida amsa ta zo daga Dakta Amira, malamar jami'a mai kula da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta shekara. Ta ce madalla, za ta zo da kanta Asabar mai zuwa ta ɗauki hoto.

Na fara da Hauwa'u. Tana tankaɗe na ce mata ya kamata wani ya gaya wa Baba ya je a duba idonsa kafin baƙuwa ta gaya masa a bainar jama'a.

"Wani wa?" ta ce.

"Ke ce 'yarsa."

"Ni ta ɗiyar hwari. Tun da anka haihe ni bai taɓa kiran sunana ba. In na shiga ɗaki hita yakai. Ta ina za ni hwara, ta ido?" Ta ci gaba da tankaɗenta, amma na ga ta share fuska da gefen zane.

Na sami Lado a rumfarsa yana fiɗar akuya. Ya saurare ni har ƙarshe bai ajiye wuƙa ba.

"Rabona da in ce ma Baba Sallau a'a tun ina ɗan shekara goma," ya ce, "kuma ban ji daɗin abin da yab biyo baya ba. Kai na ɗan gida."

"Shi ya sa ba zan iya ba."

Ya yanki wani abu ya jefa wa kyanwa. "To, Malam, tsuntsu dai tashi yakai. A sa wanga shi tashi mana."

Na ji kunyar yadda shawarar ta yi mini daɗi. Ranar Laraba bayan an tashi makaranta muka tafi Birnin Tudu, muka nemi mai gonar, wani dattijo mai suna Ishaku. Mun gaisa, mun tambayi gida da iyali da sanyi da aiki da dabbobi, shi ma ya tambayi namu, muka sake zagayowa. Sai da aka kawo ruwa muka sha sannan Lado ya kawo maganar buhu. Ishaku bai ko murmusa ba.

"Ashe don Baba Sallau na," ya ce. "Mutumin da yab buɗe muna ruwa shekara da shekaru bai taɓa karɓar ko goro ba? Ko gonar yac ce in tuge, sai in tuge." A gabanmu ya shiga ya cire sandar ya kwantar da ita.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne maƙwabta. Sun ga mutanen birni biyu sun taso takanas a kan babur saboda mutum-mutumin Ishaku, suka yanke hukuncin cewa lalle akwai wani sirri a jikinsa. Babu wanda ya tambayi kowa. Kowa dai ya koma gida ya nemo buhu.

Ranar Asabar Dakta Amira ta iso da wuri a cikin mota, da wani babban madubi mai ƙafa uku. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, 'yar Sakkwato. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe da Baba, ta ce tun tana ɗaliba take ganin sunansa a tsofaffin takardun ƙidaya. Baba ya sa sabuwar hula. Ni kuwa hankalina kwance, har na shirya fuskar da zan yi idan aka tarar tsuntsu ya tashi.

Muna isa Baba ya ɗaga madubi, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Allahu Akbar," ya ce. "Sun ƙaru. Ukku."

Uku ne kuwa, a gonaki uku da ke kewaye da ta Ishaku, kowanne da baƙar ledarsa da jan karansa. Lado ya ce inna lillahi a hankali, Baba ya ɗauka mamaki ne ya gyaɗa masa kai.

Dakta ta kafa madubinta ta sunkuya. Ta murɗa, ta sake murɗawa. Ta ɗago ta dube ni, na dubi takalmina. Ta dubi Lado, Lado ya dubi sama kamar mai neman hadari a watan Janairu. Na san ta yi karatu har ƙasar waje, kuma a raina na fara roƙon Allah Ya sa karatun ya cire mata kunya, ta faɗa a huta. Amma ita ma a gidan Hausawa aka raine ta.

"Baba," ta ce, "suna da nisa ƙwarai."

"To mu matsa," in ji shi.

Babu mai ikon hana shi. Ya cire takalmi, ya duƙa, ya hau kunyar da ke tsakanin gonaki, yana tafiya a hankali iska na bugun fuskarsa, yadda ya koya mana duka. Muka bi shi a layi, manya shida da malamar jami'a, a duƙe, muna sanɗar buhunan taki. Manoma suka bar aikinsu suka tsaya suna kallo. Ban taɓa jin tafiya mai tsawon wannan ba, kuma duk taku sai na ji kamar in kama rigarsa.

Saura kamar taku arba'in ya waiwayo ya raɗa mana, "Sun saba da mutane."

Saura taku goma ya miƙe tsaye. Iska ta kaɗa, leda ta yi ƙara. Ya tsaya jim, sannan ya shiga cikin shinkafar da ƙafarsa, ruwa har idon sawu, ya isa ga na farkon. Ya miƙa hannu ya taɓa buhun, ya murza shi tsakanin yatsu. Ya taɓa jan karan. Bai je wurin sauran biyun ba.

Ya dawo ya zauna a kan kunya, ƙafafunsa duk laka. Muka tsuguna kewaye da shi.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Tun yaushe?"

A nan na ɗaga kai na kalli idonsa, karo na farko tun da na auri 'yarsa. Yanar ta rufe na hagu kusan duka, na daman ma ta ci rabi. Tausayinsa ya kama ni.

"Tun bara, Baba. Bayan yankan shinkafa."

"Dut kun gani?"

Lado ya yi tari.

"Buɗe littahi," ya ce. "Karanto duk abin da ad da sunana tun daga nan."

Guda arba'in da ɗaya ne. Na fara karantawa, rana da wuri da tsuntsu, duk wanda na karanta sai ya ce, "Soke." Ina ja masa layi. Zalɓen giginya ya tafi, agwagi goma sha biyu suka tafi. Dakta Amira ta juya baya tana naɗe ƙafafun madubinta, ta daɗe tana naɗewa.

Na zo kan na talatin da shida: wata 'yar agwagwar Turai mai farar gira, a tafkin Natu, cikin watan Disamba. Wannan kam gaskiya ce. Shi ya fara nuna ta, duk mun gan ta da idanunmu, har Lado ya ce ba za ta kai loma uku ba.

"Soke."

"A'a, Baba," na ce. Bakina ne ya faɗa kafin in sani, sauran duk suka ɗago suka dube ni. "Wannan tana nan. Wallahi tana nan."

"Kai ka gane ta?"

"Na gan ta, Baba."

"To rubuta sunanka. Ni ban san abin da nig gani ba."

Na soke sunansa na rubuta nawa a sama. Ban taɓa jin kunyar sunana kamar ranar ba.

"Ci gaba, Malam," ya ce. "Saura biyat."